Inda Murya Take Tsaye

Wanda ya taɓa zama a situdiyo ranar haɗa sauti ya san irin maganar da ake yi tsakanin mawaƙi da injiniya. "Malam, tura kalangun nan baya." "Matso min da muryar gaba kaɗan." "Amshin ya danne ni, nema masa wuri." Injiniya ya taɓa nan ya murɗa can, a sake kunnawa, kowa ya gyaɗa kai, don kuwa kalangu ya ja baya kamar yadda aka nema. Amma abin da ke gabansu akwati biyu ne kawai, a cikin kowanne akwai 'yar takarda mai siffar mazurari tana karkarwa tana tura iska. Daga jikinta murya ta fito, daga jikinta kalangu ya fito, babu wanda ya fi wani nisa da kunne ko da taƙi ɗaya. To wane baya ne kalangun ya koma?

Na daɗe ina juya wannan tambaya, domin mutanen nan ba azanci suke yi ba, kuma ba yaudarar kansu suke yi ba. Abin da suka ji shi suka faɗa. Kunnen ɗan Adam ba ya karɓar sauti tsurarsa. Duk abin da ya shige shi sai ya nemi sanin daga ina, kusa ko nesa, a ɗaki ko a fili. Injiniyan sauti mutum ne da ya koyi alamomin da kunne ke dogara da su, yake kuma jera su da gangan. Shi ya sa nake ganin aikinsa, kafin komai, rabon mazauni ne: wa zai tsaya gaba, wa zai koma baya, kuma a wane irin wuri suke tsaye dukansu.

Alamar da kowa ya sani ita ce ƙarfi. A fili inda babu bango, duk sa'ad da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu da kimanin desibel 6. Sai dai ƙarfi shi kaɗai ba ya isa. In ka rage rediyo, mai karanta labarai ba ya tafiya ko'ina. Yana nan inda yake, ƙanƙancewa kawai ya yi. Raɗa kuwa, ko an ɗaga ta har ta cika gida, tana nan a bakin kunne, saboda tare da ita ake jin numfashi da motsin leɓe, abubuwan da ba sa tafiya mai nisa. Ihu kuma ko an rage shi, kunne ya san daga can aka ƙwala shi. Tun kafin a kai ga na'ura, yadda mawaƙi ya buɗe bakinsa ya riga ya faɗi inda yake tsaye.

Sannan akwai abin da iska take ci a hanya. Siraran sauti masu kaifi su ne ke fara gajiya, masu kauri kuwa suna jure tafiya, har su kewaye katanga. Kiran sallar asuba daga masallacin wata unguwa yana iso maka da dogayen wasullansa, amma sin da shin sun zube a hanya. Gangar biki daga ƙauyen tsallaken rafi, rugugin cikinta kawai ake ji, ba a jin saukar gula a kan fata. Kamar Dala ne ranar hazo: dutsen yana nan, girmansa bai ragu ba, launinsa ne da zanen jikinsa suka dushe, kuma da wannan dushewa ido ke auna nisansa. Don haka injiniyan da ke son tura abu baya yakan aske masa kaifi kaɗan, ya bar kaifin ga wanda yake so a gaba.

Babbar alama ita ce wurin da kansa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya. In mutum ya yi magana a zaure, abin da zai fara isa kunnenka shi ne wanda ya miƙo kai tsaye daga bakinsa. Bayansa da ɗan ƙiris sai waɗanda suka bugi daɓe da bango da rufi suka dawo, sannan dubbai da suka yi ta kai-komo har suka cuɗe suka zama wutsiya ɗaya mai shuɗewa a hankali. Wutsiyar nan kusan ƙarfinta ɗaya ne a ko'ina cikin zauren. Na kai tsayen ne yake raguwa da nisa. Kunne sai ya auna su biyun. In na kai tsaye ya rinjaya, mai magana yana kusa. In amon ɗaki ya rinjaya, yana can ƙurya. Akwai kuma ratar da ke tsakaninsu. Wanda yake dab da kai, muryarsa tana riga amon ɗakin isowa da tazara mai kyau, wanda yake jingine da bangon can kuwa, shi da amonsa kusan tare suke zuwa. Daga nan injiniyoyi suka samo wata dabara da har gobe take burge ni. Sukan jinkirta amon da kashi 30 ko 50 cikin dubu na sakan, sai murya ta tsaya a gabanka ƙiri-ƙiri, babban zaure kuma ya buɗe a bayanta. In aka cire jinkirin, muryar sai ta nutse cikin zauren, ko da ba a taɓa ƙarfinta ba.

Kullum muna wannan lissafi ba tare da mun sani ba. Mai kiranka a waya, kafin ya gama sallama ka gane ko a mota yake, ko a masallaci, ko a ɗakin da aka kwashe wa kaya. Makaho ya fi kowa ƙwarewa a nan, domin ƙwanƙwasar sandarsa tana gaya masa inda katanga ta ƙare da inda lungu ya buɗe.

Mutumin da ya fara ɗora amon ɗaki a kan ma'auni shi ne Wallace Sabine, matashin malamin kimiyya a Jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka damƙa masa wani sabon ɗakin lacca da ba a fahimtar abin da malami ke faɗa a cikinsa, don kalma takan yi sama da sakan 5 tana yawo kafin ta mutu, ta hau kan waɗanda suka biyo ta. Da dare yake aiki, bayan gari ya yi tsit. Shi da mataimakansa su yi jigilar matasan kujeru daga wani ɗakin taro na kusa, a busa bututun ogan, a duba agogo, a ƙara matasai, a sake busawa. Ya gano cewa tsawon wutsiya ya rataya ne a kan girman ɗaki da yawan abin da ke shanye sauti a cikinsa. Ma'aunin da ya bari, wato lokacin da amo ke ɗauka kafin ya ragu da desibel 60, shi ake amfani da shi har yau, kuma da shi aka tsara zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900, mai wutsiyar kusan sakan 2. Magana ba ta son abin da ya kai haka. Sakan 1 ko ƙasa da shi ya ishe ta. Tun daga lokacin aka san cewa amon da ke ƙawata kiɗa shi ne kuma yake cinye kalma.

Kafin 1925, shekarar da makirfo na lantarki ya shiga aikin ɗaukar faifai, da ƙafa ake haɗa sauti. Babban mazurari ɗaya ne ke karɓar komai. Mawaƙi ya tsaya a bakinsa, masu bushe-bushe su koma can baya, wanda lokacinsa ya zo ya matso, in ya gama ya ja. Ko bayan zuwan makirfo an daɗe ana farautar ɗaki mai daɗin amo. Kamfanin Columbia tsohuwar coci ya mayar situdiyo a New York, kuma a cikinta Miles Davis ya ɗauki faifansa Kind of Blue a 1959. Wanda ya saurare shi yana jin tsayin rufin. Da tef mai layuka da yawa ya zo, sai aka fara kafa wa kowane abin kiɗa makirfonsa a bakinsa, a ɗakin da aka lulluɓe da soso. An sami tsabta, an sami ikon gyara kowane abu shi kaɗai, amma sautin ya fito a bushe, ba shi da wurin zama. Dole aka koma nema masa ɗakin aro.

A 1947 Bill Putnam, a Chicago, ya kai lasifika da makirfo banɗaki ya ɗauko amonsa ya zuba a kan waƙa. Kamfanin Capitol, a ginin da ya buɗe a Los Angeles a 1956, ya haƙa ɗakunan kankare kimanin mita 9 a ƙarƙashin ƙasa, babu kowa a cikinsu sai lasifika da makirfo. Ɗakunan nan suna taɓa zuciyata: muryoyin manyan mawaƙa sun shiga inda masu su ba su taɓa sa ƙafa ba, sun yi yawo a cikin duhu, sun dawo ta waya da girman da ba su tafi da shi ba. A 1957 kamfanin EMT na Jamus ya fito da fallen ƙarfe mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, a cikin akwati mai nauyin kusan kilo 270, wanda ake girgizawa da sauti ya ba da wutsiya mai santsi. A 1976 kamfanin ya fito da na'urar da ke yin haka da lissafi zalla. Yau kowace kwamfutar situdiyo ɗauke take da ɗaruruwan irin waɗannan ɗakuna.

Dama da hagu labarinsu ya fi sauƙi. Kunne biyu gare mu, sautin da ya taso daga gefe yana riga isa ɗaya da abin da bai kai kashi 1 cikin dubu na sakan ba, kuma da wannan ƙwaƙwalwa ke nuna wajen da ya fito. Alan Blumlein, injiniyan kamfanin EMI a Ingila, ya yi rajistar hanyar ɗaukar sauti ta lasifika biyu tun 1931, ko da yake sai ƙarshen shekarun 1950 fayafayan suka shiga kasuwa. Faɗi abu ne mai daɗi, amma ba shi da ƙarko. Da zarar waƙa ta faɗa wayar da ke da lasifika ɗaya, ko ɗan akwatin da ke rataye a shago, dama da hagu sun haɗe, wani lokacin ma abin da aka baza gefe da gefe ya cinye kansa ya ɓace. Gaba da baya kuwa suna tsira a ko da ƙaramin rediyo ne. A ƙasar da mafi yawan sauraro a waya ake yinsa, wannan ya isa ya nuna wa injiniya inda ya kamata ya kashe lokacinsa.

In ana maganar sarari a cikin sauti, mutumin da nake komawa gare shi shi ne Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby. Mai gyaran rediyo ne da amfilifaya a unguwar Waterhouse ta Kingston, a Jamaika. Situdiyonsa ɗaki ne a cikin gida, bai isa ya ɗauki makaɗa ba, sai dai a ɗauki kiɗa a wani wuri a kawo masa tef. A farkon shekarun 1970 ya sayi tsohuwar miksa mai layi 4, ya shiga haɗa bayan faifai, wato ɓangaren da ake sa kiɗan waƙa ba tare da cikakkiyar murya ba. Abin da ya yi da wannan ɓangare shi ake kira dub. Mawaƙi zai fara baiti, sai Tubby ya janye shi, ya bar kalmar ƙarshe tana maimaita kanta tana nisa har ta shuɗe. Ya kashe jita, ya kashe fiyano, ya bar ganga da bes su kaɗai, sannan ya ɗauki bugu ɗaya tak ya jefa shi cikin amo. Har akwatin sifirin da ke ba shi amon yakan buga da hannu, ya yi ƙara kamar tsawa. A filin rawa ake buga fayafayan nan, ta manyan akwatunan lasifika, inda babu mai kula da dama da hagu, amma zurfinsu ba ya ɓoyuwa. Faifansa da Augustus Pablo na 1976 shaida ne. An harbe shi a ƙofar gidansa a 1989.

Na'urorin Tubby ba su kai na manyan situdiyoyin zamaninsa ba. Abin da ya gane shi ne amo yana bukatar inda zai sauka. In kowane saƙo na waƙa cike yake da kiɗa, wutsiya ba ta da wurin shuɗewa, sai ta zama laka. Da ragewa yake samun sarari, kuma abu ɗaya yake jiƙawa ya bar sauran a bushe, domin kunne sai ya sami na kusa yake iya auna na nesa.

Wannan ne ya dawo da ni gida. A tsofaffin kasa-kasan Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo, musamman waɗanda aka ɗauka a wurin wasa, mazaunin kowa a bayyane yake. Uban waƙa shi ne mafi kusa da makirfo. 'Yan amshi suna bayansa da 'yan takai, muryoyinsu sun haɗu da iskar wurin kafin su iso. Kalangu ko kotso yana gefensa, sanƙira yana jefo tasa daga can, wani lokacin guɗa ta taso daga nesa ta ratsa komai. Babu wanda ya tsara wannan a kan miksa. Tsayuwar mutane ce ta shiga tef. Ɗan Maraya Jos kuma, shi da kuntiginsa kawai, kusancinsa ne ƙarfinsa, ka ji shi kamar a tabarma ɗaya kuke. Ba ina cewa ɗaukar da ta fi ta yanzu kyau ba ne. Da yawansu akwai shuu, kiɗa yana fashewa, wasu kalmomin sun ɓace har abada. Amma suna da wuri, kuma wurin yana cikin ma'anar waƙar.

Dubi amshi. In ya taso daga baya, da bakin mutum huɗu ko biyar masu murya daban-daban, abin da kunne ke ji shi ne jama'a ta gaskata abin da mawaƙi ya faɗa. Yabo yana bukatar shaidu, kuma 'yan takun nan da ke tsakanin mawaƙi da 'yan amshinsa su ne ke nuna cewa wasu ne suka amsa. A situdiyon yau, sau da yawa mawaƙin ne zai rera baiti, ya dawo ya rera amshin sau uku a makirfo ɗaya, a tazara ɗaya, na'ura ta daidaita muryoyin tsaf. Kalmomin ba su canja ba, amma yanzu mutum ne yake gaskata kansa. Kiɗan kuma, tun da fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano a ƙarshen shekarun 1990, ta waya yake shiga kwamfuta, bai taɓa ratsa iskar wani ɗaki ba. Sai a ɗauko eko ɗaya a kwarara wa kowa daidai wa daida, a bi da na'urar matse sauti har mai ƙarfi da marar ƙarfi su zo kai ɗaya. Kowa ya taru a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa, waƙar ta zama bango. A waƙar soyayya, inda ake son murya a bakin kunne, asarar ba ta da yawa. A waƙar yabo da ta bege da ta taron jama'a, babba ce.

Eko mai yawa yana da wata illar da ta shafe mu musamman. Hausa harshe ne da ma'ana ke rataye a kan hawa da saukar murya da tsawon wasali. Doguwar wutsiya tana ja wa gajeren wasali tsawon da ba nasa ba, ta ɗora ƙarshen kalma a kan farkon ta gaba. Wanda ya zauna a wurin wa'azi ko maulidi inda mai lasifika ya murɗe eko har ƙarshe ya san yadda ake jin haiba a rasa magana.

Injiniyoyinmu suna da hujjarsu, kuma hujja ce ta gaskiya. A cikin a-daidaita-sahu ake jin waƙar, da bakin kasuwa, da kusa da janareta, inda duk abin da aka tura baya hayaniya za ta haɗiye shi. Manhajoji irin su Spotify da YouTube suna daidaita ƙarfin waƙoƙi, don haka matsewa ba ta ƙara wa kowa komai a can, amma waƙar da aka tura daga shagon masu tura waƙa zuwa memori babu mai daidaita ta, wadda ta fi ƙara ita ke jan kunne. Mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo kuma ba ya son tasa ta fi ta abokin gasarsa sanyi. Duk da haka zurfi ba ya bukatar a binne komai. Takun da ke tsakanin murya da amshi ba sai ya yi yawa ba. A kira mutum huɗu na gaske, su ja da baya taku biyu ko uku daga makirfo. A kawo makaɗin kalangu, a kafa masa makirfo na biyu daga nesa. A zaɓi ɗaki ɗaya ga waƙar duka, kowa a ba shi amon gwargwadon nisansa, muryar gaba a jinkirta mata nata. Sannan a saurara ta lasifikar waya kafin a sallami aiki. Wahalar ita ce makirfon nesa yana kwaso kukan janareta da babur, ga kuɗin mutane, ga neman sa'ar da unguwa za ta lafa.

Akwai kuma batun ɗakunan kansu. Abin da injiniyan Kano ko na Maraɗi ke tararwa in ya buɗe jerin amo a manhajarsa wuraren wasu ne: zaurukan kiɗa na Turai, coci-coci, fallen ƙarfen Jamus, ɗakunan situdiyoyin Amurka. Alhali yanzu ana iya ɗauko amon kowane wuri a ajiye. A fasa balan-balan a tsakiyar ɗaki, a ɗauki yadda ɗakin ya amsa, kwamfuta ta ɗora wannan amsa a kan duk muryar da aka ba ta. Haka masu bincike daga Jami'ar Stanford suka yi a Hagia Sophia ta Santambul, mai wutsiyar sama da sakan 10, har wasu mawaƙa suka fitar da faifai a 2019 da amon ginin ba tare da sun rera a cikinsa ba. Ginin ƙasa mai ɗaurin guga yana da nasa amon, daban da na siminti da tayil, kuma a irinsa kunnen Bahaushe ya saba jin tambari da algaita da karatun dare. Sorayen Gidan Makama suna nan a Kano.  Ga tsofaffin zaurukan da ake rushewa ko ake shafe wa siminti shekara bayan shekara, kowanne yana tafiya da amonsa. Mutum biyu da makirfo mai kyau da izinin masu wurin sun isa su ɗauki soro guda a yini ɗaya. Fayil ɗin da zai fito bai kai nauyin waƙa ɗaya ba, ana iya tura shi ta waya ga duk situdiyon da ya nema, daga Kano har Damagaram.